Farin Gilashin Murano da Asirin Tangaran

A ƙarni na 15 tangaran ɗin ƙasar Sin ya zama abin alfahari a fadojin Turai, alhali kuwa Turawa ba su san asirin yinsa ba. Wannan ne ya sa maƙeran gilashi na tsibirin Murano, inda hukumar Benis ta tattara su tun 1291, suka riƙa zuba tokar kuza da dalma cikin narkakken gilashi. Sai ya fito fari fat kamar madara, suka kira shi lattimo. Ko da Jamusawa suka gano asirin tangaran, suka buɗe masana'antarsa a Meissen cikin 1710, farin gilashi bai rasa kasuwa ba, domin ya fi araha. Ta haka kwaikwayo ya zama sana'a mai cin gashin kanta.