Tarihin Takunkumin Fuskar Mai Tsaron Gida a Wasan Hoki

Takunkumin mai tsaron gida, wato hular kwano mai ragar ƙarfe a gaban fuska, yau wajibi ne a dokokin hokin fili. Amma asalinsa kayan aro ne daga hokin ƙanƙara, kuma ya daɗe bai iso fili ba.

Har zuwa shekarun 1960, masu tsaron gida a hokin fili ƙafafunsu kawai suke karewa, da kariyar ƙwauri mai sandunan gora a ciki irin ta 'yan kurket, da abin fata da ake ɗaurawa a kan takalmi. Kai kuwa a buɗe yake. Haka Shankar Lakshman ya tsare wa Indiya raga a wasannin Olamfik na 1956 da 1960 da 1964. Abin da ya rufa wa irinsa asiri shi ne ciyawa, domin tana rage wa ƙwallo gudu, golan kuma a tsaye yake aikinsa.

A hokin ƙanƙara aka fara gajiya da ɗinkin fuska. Gola Clint Benedict ya gwada takunkumin fata a 1930, bai jima da shi ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1959, bugun Andy Bathgate ya fasa fuskar Jacques Plante, golan Montreal Canadiens. Da aka ɗinke shi, sai ya ce wa kocinsa Toe Blake ba zai koma ba sai da takunkumin da yake atisaye da shi, wanda aka ƙera da zaren gilashi daidai da siffar fuskarsa. Irin wannan yana manne da fata, ramukan idonsa kuma ba su hana rauni ba: a 1979 sanda ta shiga idon gola Bernie Parent ta nan, wasansa ya ƙare. Shi ya sa aka karkata ga hular kwano mai raga, wadda Vladislav Tretiak na Tarayyar Sobiyet ya yi fice da ita a karawarsu da Kanada a 1972.

Hokin fili ya shiga wannan hali ne bayan Olamfik na Montiriyal a 1976, inda aka fara buga gasar a kan ciyawar roba. Ƙwallo ta ƙara gudu. Nauyinta gram 156 zuwa 163 ne, kusan ɗaya da na faifan da ake bugawa a ƙanƙara, don haka da gololi suka nemi kariya sai suka ɗauko kayan 'yan ƙanƙara kai tsaye, tun ba a fara ƙera nasu ba.

Takunkumin ya sauya salon tsaron gida gaba ɗaya. A shekarun 1980 gola ya samu ƙarfin halin fitowa a lokacin gajeren kwana, wato bugun hukunci da ake farawa daga layin baya, ya miƙe a ƙasa a gicciye ya toshe raga, fuskarsa tana daidai hanyar ƙwallo. Dalili kuwa, doka ta ce bugun farko kada ya wuce milimita 460 a tsayi, wato tsayin katakon da ke cikin raga. Babu mai hankalin da zai yi wannan kwanciya da kai a buɗe. Maharan su ma ba su zauna ba: a shekarun 1990 suka ƙware wajen jan ƙwallo da sanda su cilla ta sama, abin da wannan doka ba ta hana ba. Da wannan dabara Sohail Abbas na Pakistan ya ci yawancin ƙwallayensa 348. Gola ya koma tsaye, ƙwallo kuma ta riƙa zuwa masa a daidai goshi.

Daga baya kamfanoni irin su OBO na ƙasar Niyu Zilan suka riƙa ƙera kaya musamman don hokin fili, duk da cewa siffar hular har yau ta ƙanƙara ce. Dokar hukumar hoki ta duniya, FIH, ta yarda gola ya cire ta idan shi zai buga fanareti, ta kuma ba 'yan baya damar sanya nasu takunkumin mara nauyi yayin tare gajeren kwana.