Man sitiyarin tsohuwar mota: wanne za a zuba, kuma ana iya haɗa iri biyu?

Idan direba ya murɗa sitiyari a mahaɗar hanyoyin garin Jega ya ji gaban motar na gurnani, abu na farko da yakan yi shi ne ya buɗe bonet ya leƙa ɗan tankin man sitiyari.

Idan ya tarar man ya yi ƙasa, sai tambaya ta taso: wane mai zai zuba, kuma shin zai iya ƙara shi a kan wanda ke ciki?

Tambayar na da muhimmanci a wannan yanki na jihar Kebbi. Galibin motocin da ke jigilar fasinjoji da buhunan albasa daga Aliero zuwa Jega, ko su bi hanyar Maiyama zuwa Koko da Yawuri, tsofaffi ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam.

Da yawansu sun bi ta hannun mutum uku ko huɗu, littafin da kamfani ya haɗo su da shi ya daɗe da ɓacewa, kuma mai motar na yanzu bai san abin da na baya suka zuba ba.

Aikin da man yake yi

Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sayar da motar hawa mai irin wannan sitiyari a shekarar 1951, kuma tsarin bai sauya sosai ba.

Bel ɗin injin yana juya wani famfo, famfon ya tura mai ta cikin tiyo da matsi mai ƙarfin gaske zuwa rak ɗin sitiyari. Da direba ya murɗa, sai man ya taimaka wajen tura tayoyin gaba zuwa ɓangaren da yake so.

Baya ga haka, man ne ke hana ƙarafan famfon gogar juna, shi ne kuma ke ɗauke zafi.

Abin da ke riƙe man a ciki wasu ƙananan robobi ne, kuma kowane kamfani ya zaɓi robarsa da kaurin mansa domin su dace da juna. A nan ne matsalar haɗa mai take.

Dangi uku da aka fi gani

Tsofaffin motocin Toyota, kamar Camry da Sienna da Hiace, suna amfani ne da jan man giya mai suna ATF, nau'in Dexron II ko Dexron III. Sau da yawa an rubuta hakan a kan murfin tankin.

Dexron ma'auni ne na kamfanin General Motors tun daga 1967. Kamfanin ya fito da Dexron VI a 2005, kuma ya daina ba da lasisin Dexron III a ƙarshen 2006.

Ma'ana, duk robar da aka gani yau a shago da rubutun Dexron III, kamfanin da ya haɗa man ne ke ba da shaidar kansa, don haka sunan kamfanin abin dubawa ne. Shi kuwa Dexron VI bai kai na III kauri ba, kuma girman lambarsa ba ya nufin ya fi dacewa da famfon da ya tsufa.

Honda tana da nata man na musamman. Zuba jan man giya a sitiyarin Accord ko Civic na daga cikin kurakuran da aka fi yi, domin makaniken da ya saba da Toyota yakan ɗauka duk motocin Japan ɗaya ne.

Dangi na uku shi ne na motocin Turai. Golf 3 da Sharan, waɗanda suka cika tashoshin mota a arewa, suna buƙatar wani koren mai marar kauri da Volkswagen ta sa wa lamba G 002 000, daga baya G 004 000. A kasuwa an fi samun irinsa da sunan CHF 11S.

Launi ba hujja ba ne

Direbobi da dama da launi suke sayen mai: ja a kan ja, kore a kan kore. Wannan ya fi zuba duk abin da aka samu, amma ba ma'auni ba ne, domin launin rini ne kawai da kamfani ya sa.

Man LHM na tsofaffin motocin Citroën kore ne, amma haɗinsa daban yake da na CHF 11S. Haka kuma jan mai idan ya shekara yana shan zafi yakan koma ruwan ƙasa ko baƙi, ta yadda ido ba zai gane asalinsa ba.

Bugu da ƙari, launin da aka tarar a tankin motar kwance yana nuna abin da mai ita na baya ya zuba ne, wanda mai yiwuwa shi ma kuskure ya yi.

Abin dogaro shi ne rubutun kan murfi. Idan ya goge, ana iya neman littafin motar a intanet ta hanyar samfurinta da shekararta, ko a bai wa mai sayar da kayan gyara lambar shasi.

Batun haɗawa

Babu laifi a haɗa man kamfanoni biyu matuƙar ma'auninsu ɗaya ne, misali Dexron III a kan Dexron III.

Haɗa dangi biyu kuwa ba ya nuna illarsa a ranar, abin da ya sa mutane da yawa ke ganin ba komai. Motar za ta tashi, sitiyarin ya yi laushi, direba ya tafi. Sai bayan makonni ko watanni famfo ya fara kuka, ko robobin su fara yoyo, kuma a lokacin ba wanda zai tuna da man da aka ƙara.

Sai dai akwai lalura. Idan mai ya ƙare tsakanin Jega da Maiyama, tafiya da busasshen famfo ta fi haɗa mai illa, domin famfon na iya lalacewa cikin ɗan lokaci, sitiyarin kuma ya yi tauri a daidai lokacin da ake son kauce wa rami, ko tirela, ko garken shanu.

A irin wannan hali ana iya ƙara man sitiyarin da aka samu, a isa gari, sannan a zubar da shi duka a sa wanda ya dace. Littattafan Honda ma sun yarda da hakan a matsayin na wucin gadi.

Man birki kuwa ba ya shiga ko da lalura, domin ba daga man fetur aka yi shi ba, kuma yana cin robobin sitiyari. Baƙin man injin da wasu ke zubawa don kaurinsa ya rage yoyo, wahalar da famfo kawai yake yi.

Kuskuren da ya fi muni shi ne akasin haka, wato zuba man sitiyari a tankin birki. Robobin birki kan kumbura, birkin ya ƙi kamawa. Wanda ya saba aiken yaron mota ya ƙara mai, ya kamata ya nuna masa tankunan biyu da hannunsa.

Zafi, ƙura da man awo

A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, abin da ke sa mai saurin lalacewa. A lokacin hunturu kuma ƙura ce, don haka a goge murfin da kewayensa kafin a buɗe.

Man awo da ake ɗurawa a tsohuwar gorar ruwa yana da araha, amma mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki. Rufaffiyar roba mai ɗauke da ma'auni a rubuce ta fi, kuma idan haɗin cikin gida ne a duba tambarin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON.

Ga wanda ya sayi mota bai san tarihinta ba, sauya man gaba ɗaya ba shi da tsada, tunda ƙaramar mota ba ta cin fiye da kimanin lita ɗaya. Ana zuƙe tsohon da sirinji, a zuba sabo, a ɗaga tayoyin gaba a murɗa sitiyari hagu da dama har ƙarshe, a maimaita har man ya fito garau. Kumfa a tanki alama ce ta iska a ciki.

Sitiyari ba ya shan mai kamar injin. Motar da ake ƙara wa mai duk mako tana yoyo ne, a tiyo ko famfo ko rak, kuma idan man na ɗiga a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta.

Akwai kuma motocin da ba ruwansu da wannan duka. Corolla samfurin 2009 zuwa sama da ake kawowa daga Amurka sitiyarin lantarki gare ta, ba ta da famfo balle tanki, kuma idan ta yi tauri wajen mai gyaran wayarin ake kai ta.