Yadda garkuwa ta yi tsada: daga Diablo zuwa Elden Ring

A wannan makon za mu leƙa gidan masu ƙirƙirar wasannin kwamfuta, domin su ma jarumi suke ginawa kamar mu. Bambancin kawai, su a wurinsu mai wasa ne yake raba wa jarumin ƙarfi da hannunsa: nawa zai tafi ga takobi, nawa ga sulke.

Tushen abin yana Amurka. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da ƙwayar jefawa irin ta ludo. Shi ya yaɗa al'adar auna jarumi da lambobi: adadin dukan da zai iya sha kafin ya faɗi, da ƙarfin sulkensa. Da wasan ya koma cikin kwamfuta, lissafin ya bi shi. A Diablo II na 2000, duk sanda jarumi ya hau sabon mataki ana ba ka maki 5 ka raba tsakanin ƙarfi, zafin nama, rai da kuzarin tsafi. Akwai kuma wani tsari a wasan wanda in jaruminka ya mutu sau ɗaya, shi ke nan, ko da ka yi wata shida kana renonsa. Nan da nan masu wasa suka gano dabara: a sa wa ƙarfi iya abin da zai ɗauki kayan yaƙi, sauran duk a zuba wa rai. Dabarar tana aiki, sai dai ta sa jarumai da yawa suka zama kamar 'yan gida ɗaya.

Kamfanin FromSoftware na Japan, ƙarƙashin Hidetaka Miyazaki, shi ya sa wa kariya farashi. A Dark Souls na 2011 kowane sulke yana da nauyi. In kayanka ba su wuce kashi 25 cikin ɗari na abin da za ka iya ɗauka ba, kana mirginawa ka kauce wa sara cikin sauri. In suka haura kashi 50, sai ka riƙa faɗuwa tim kamar buhun gero, kafin ka miƙe an sare ka. Wanda ya karanta tarihin 'yan lifidi na sarakunanmu ya san wannan ciniki: kibiya ba ta shiga, amma doki ba ya gudu. Ita ma garkuwa tana cin numfashi, duk saran da ta tare yana rage ma'aunin da kake buƙata don kai naka.

Duk da haka mutane suka maƙale a bayan garkuwa, suna takawa a hankali suna jiran abokin gaba ya gaji. Sai a 2015 Bloodborne ya zo ya kusan ƙwace ta gaba ɗaya. Aka sa bindiga a hannun hagu, aka kuma kawo wata doka: in an sare ka, kana da ɗan lokaci ka rama, jinin da ka rasa ya dawo. Ja da baya ya zama asara. A ganinmu nan ne aka yi juyi mafi girma, kuma nan ne ya fi shafar alƙalaminmu. Sau nawa muke rubuta jarumin littafin yaƙi wanda ƙarfe ba ya cinsa, tsafi ba ya kama shi, ga shi kuma sara ɗaya yake kashe dubu? Mai karatu ya riga ya san ƙarshen faɗan tun daga layin farko, shi ya sa yake tsallake shafi.

Sekiro na 2019 ya narka abubuwan biyu wuri guda: tare sara daidai lokacin da ya sauka shi ne yake karya tsayuwar abokin gaba har a samu damar kisa.

Elden Ring na 2022 ya dawo da garkuwa da mutuncinta, har ya ƙara mata damar ramuwa nan take bayan ta tare duka. Masu wasa suka sake zuba maki a rai, yawanci zuwa 40 ko 60, inda ribar take fara raguwa. Amma can cikin wasan aka ajiye musu Malenia, jarumar da duk saran da ta kai yana mayar mata da jini, ko da a kan garkuwa ya sauka. Mai ƙatuwar garkuwa yana tsaye lafiya lau, babu ko ƙwarzane, yana kallon ma'aunin ranta yana sake cika da duk abin da ya sha wahala ya rage.