Tseren da Ya Ɗauki Shekara Arba'in Kafin Ya Iso Sakkwato



A zamanin Manzo Bulus, ana yin manyan wasanni kusa da birnin Korinti duk bayan shekara biyu, har da tsere da kokawa da dambe. Ladan wanda ya yi nasara rawanin ganye ne, ba ya daɗewa sai ya bushe. Duk da haka 'yan wasa kan yi watanni suna horon jiki saboda shi. Da wannan Bulus ya yi misali a 1 Korintiyawa 9:24-27, ya nuna cewa mai bi ya fi su dalilin horar da kansa, domin nasa ladan ba ya lalacewa. Tarihin isowar bishara ƙasarmu tsere ne irin wannan, mai tsawo ƙwarai.

A watan Disamba 1893, samari uku suka sauka Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Niyyarsu su kai bishara cikin ƙasar da ake kira Sudan a lokacin, wadda ta haɗa da ƙasar Hausa. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Legas, sauran biyun suka nausa arewa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma Kanada shi kaɗai.

Ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka mayar da shi gida. Sai a yunƙuri na uku wasu da ya aiko suka kafa tasha a Patigi a 1902. Wannan ne tushen mishan ɗin SIM.

Amma Patigi ba Sakkwato ba ce. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Sama da shekara talatin ƙofa tana rufe. Ba a yi zaman banza ba a wannan tsakani: aka koyi harshe, aka yi ta fassara, har Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. Ɗan tsere ba ya jiran ranar gasa kafin ya soma motsa jiki.

Da ƙofar ta buɗe, ta hanyar hidima ta buɗe. A ƙarshen shekarun 1930, SIM ta karɓi aikin kula da masu fama da kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa nan kusa da mu. Maganin wancan lokaci allurar wani mai ce mai zafi, a yi ta yi shekara da shekaru, sauƙin kuma kaɗan. Sai daga baya aka samu ƙwayar dapsone. Ma'aikata suka jure wanke gyambo kullum, majinyata suka jure jinya, aka yi wa kowa hidima ba a tambayi addininsa ba. Bingham ya rasu a 1942, bai ga ranar da ikilisiyoyin da aikin ya haifa suka zama ECWA a 1954 ba. Ya yi gudunsa ya miƙa sanda.

Yau sandan yana hannunmu, kuma mun san nauyinsa. Akwai tsadar abinci, akwai masu takardar digiri da ke zaune babu aiki, akwai fargabar hanya. Tun kisan Deborah Samuel a watan Mayu 2022, wasu cikinmu suna ɗauke da tsoro, wasu da fushi. Waɗansu sun daina zuwa zumunta, sun ce sun gaji.

Wanda ya taɓa zagaya filin wasa na Giginya da sassafe ya san inda gudu yake yin tsanani. Zagayen farko da daɗi. A tsakiya ne numfashi ke yankewa, ƙafa ta yi nauyi, zuciya ta ce a tsaya. Wanda ya saba ba ya tsayawa, yakan rage sauri ya gyara numfashi ya ci gaba. Ƙarfin yin haka ya samo shi ne a safiyoyin da babu mai kallonsa. Ɗan kokawa ma ba a ranar da aka buga masa ganga yake koyon kayarwa ba.

Haka bangaskiya take. Addu'ar asuba, karatun Maganar Allah, zuwa sujada ko da aljihu babu kome, su ne atisayenmu. Ibraniyawa 12 ta umarce mu mu ajiye duk abin da ke nawaita mana, mu zuba wa Yesu ido. A cikin kayan nauyin nan har da ƙiyayya da niyyar ramuwa, domin mai ɗauke da su ba ya nisa. Maƙwabtanmu Musulmi da muke cin kasuwa ɗaya da su, hidimar Amanawa ta koya mana yadda za mu zauna da su.

A wannan mako, kowa ya tuna ɗan'uwa ɗaya da ya daina zuwa, ya je har gida ya gaishe shi, ya yi addu'a tare da shi. Sannu ba ta hana zuwa. Ubangiji wanda ya riƙe na gabanmu ya ba mu jimiri har mu miƙa sandan ga na baya. Amin.