Shigar Burtu

Da wuya a sami marubucin da ya ƙaga labarin ɓarawo ko ɗan leƙen asiri bai ce wane ya yi shigar burtu ba. To amma mu nawa ne muka taɓa riƙa burtun a hannu? Ni dai sau ɗaya na gan shi, ina yaro, rataye a ɗakin wani tsohon maharbi a Achida, ƙura ta rufe shi.

Asalinsa tsuntsu ne baƙi, ƙato, mai dogon baki da jan maƙoshi, wanda ya fi son yawo a ƙasa. Namun daji sun saba da shi, ba su gudunsa. Da maharba suka lura da haka, sai suka riƙa sassaƙa ice mai lanƙwasa kamar wuyansa, su lulluɓe da fata, wani ma ya ɗora ainihin ƙoƙon kan tsuntsun, a manna 'ya'yan idon zakara. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa yana tafe yana saran ƙasa kamar mai kiwo, har ya isa inda kibiya za ta sami barewa. Daji irin na Gundumi, wanda Bature Kilafaton ya ratsa a 1824 zuwa wurin Sarkin Musulmi Bello, shi wannan dabara take so. Bindiga da gatarin manomi suka kashe mata kasuwa.

Akan ce wai Bahaushe bai san ɓad da kama ba, sai Yarbawa da dodanninsu. Ban yarda ba. Ban da burtu, ga dodon tashe, wanda fatakenmu suka kai har Wagadugu a ƙarni na 19, inda samari suka riƙa rufe fuska da ƙwarya cikin azumi, sunan wasan kuma Dodo.

Ba mu kaɗai ba ne. Ƙabilar Ceroki ta Amurka ma, a da maharbanta kan sa fuskar dabba don yaudarar nama, suna kuma da fuskokin duma da na ice da suke rawa da su lokacin sanyi, suna kwaikwayon baƙi. Masassaƙinsu Will West Long, wanda ya rasu a 1947, ya zauna da masu bincike ya faɗi abin da ya sani, littafin ya fito a 1951. Tsohon nan na Achida kuwa, da Allah ya yi masa rasuwa, magada suka haɗa burtunsa da kwari da baka suka sayar wa wani dillalin kayan tarihi.