Laso, Makuba da Indararo: Yadda Maginan Hausa Suka Kare Gida Daga Ruwa

Duk shekara idan marka ta kankama a watan Agusta, sai labarin rushewar gidaje ya cika gari, nan da nan kuma a ɗora wa ginin ƙasa laifi. Tarihi bai goyi bayan wannan hukunci ba. Har yau akwai sorayen ƙasa a gidan sarautar Kano da Muhammadu Rumfa ya kafa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ta ga damina ɗaruruwa, ta masallacin Agadas kuwa, mai tsawon mita 27, tana tsaye tun da aka sake gina ta a 1844. Abin da ya tsayar da su shi ne ilimin kare gini daga ruwa, da al'adar sabunta wannan kariya kafin kowace damina. Wannan al'ada ce muka saki, shi ya sa gidajenmu suke zubewa.

Maginin da ya san aikinsa tun ran gini yake shirya wa ruwa. Da rani ake aikin, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a murza tubali ya bushe ƙayau a rana. Bango yakan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa, domin gindin ne yake shan dukan ruwa da danshin ƙasa. Rufin soro da azarar giginya ake ɗaure shi, itacen da gara ba ta cika samun sa'arsa ba, sannan a ɗan karkata saman rufin yadda ruwa ba zai kwanta ba. Rawanin da ya kewaye rufin shi ke tattara ruwan ya miƙa wa indararo, shi kuma indararo a yi shi da tsawo don ya watsa ruwan nesa da gindin bango.

Bayan tsari sai shafe. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta. A jiƙa, a yi yaɓe da ruwanta, bango ya yi duhu ya yi tauri, kuma da ita mata suke daɓen ɗaki. Laso ya fi ta ƙarko da tsada. Ana haɗa shi da katsi, wato lakar da ake kwasowa daga ƙasan karofin rini a ƙona, da gashin awaki daga majema, da yauƙin dafara. Wannan haɗi ya nuna cewa kariyar gida ta rataya ne a wuyan sana'o'i da dama: marini a wuri irin marinar Ƙofar Mata ta Kano, da majemi, da magini, sharar wannan ita ce kayan aikin wancan. Maginan kansu suna da Sarkin Magina da ke lura da aikinsu, daga cikinsu kuma aka sami irin su Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

Mai ja zai ce ai siminti da kwano sun raba gardama, wa zai koma wahalar yaɓe duk shekara? Akwai gaskiya a maganarsa. Kwano ya rage yoyo, marina sun ragu har katsi ya yi wuya, mutanen da suke taruwa aikin gayya kuma sun watse neman abinci. Sai dai siminti bai soke dokar ruwa ba. Idan aka shafe bangon ƙasa da shi, ba sa kama juna sosai. Da zarar ya tsage sai ruwa ya shige ta baya, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye har ranar da bangon zai zube gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa. Gidan bulo shi ma yana jan danshi idan aka cike kududdufin da ke shanye ruwan unguwa, aka bar leda ta toshe kwata. Inda ba a saki al'adar yaɓe ba kuwa ginin ƙasa yana daɗewa: mutanen Djenne a Mali har yau suna fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu, kuma yana tsaye tun 1907.

Saboda haka abin da ya kamata mu gada daga magabata shi ne ɗabi'ar duba gida tun ruwa bai sauko ba. Ko da ƙasa ka yi gini ko da bulo, ka hau rufi da bazara, ka share indararo, ka toshe tsaga, ka buɗe wa ruwa hanya daga gindin bango. Hukumomi da makarantun koyon gini su ma su nemi tsofaffin maginan da suka rage, a rubuta yadda ake haɗa laso da makuba tun masu ilimin suna raye. Rigakafi ya fi magani.