Yadda saƙo ke samun hanya a wayar salula

A Rimin Gado, da ke kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, wayar salula ta zama jigon ciniki da zumunci a shekarun da suka biyo bayan fara aikin kamfanonin MTN da Econet a Najeriya a 2001.

Idan manomi ya kira dillali a kasuwar Dawanau, muryarsa kan fara isa turken sadarwa mafi kusa, daga nan ta wuce cibiyar kamfani, wadda ke gano inda wayar dillalin take.

Domin haka ya yiwu, kowace waya kan riƙa sanar da cibiyar yankin da take ciki, ko da ba a kira. Waɗannan saƙonni ba sa ɗauke da maganar kowa, amma suna cin wani kaso na layin da kuma batir.

Idan babu turke

Lalacewar turke kan yanke yanki baki ɗaya, kamar yadda aka gani a watan Satumban 2012, lokacin da aka kai hare-hare kan turakun sadarwa a Kano da wasu jihohin arewa.

Akwai wani tsari da wayoyi ke miƙa wa juna saƙo, daga wannan zuwa waccan, ba tare da turke ba. Masu zanga-zanga a Hong Kong sun yi amfani da irinsa a 2014, ta manhajar FireChat.

Matsalarsa ita ce masu wayoyin suna yawo, don haka hanya kan yanke a kowane lokaci.

Dabaru biyu

A shekarar 2003 hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta wallafa dabaru biyu.

A tsarin OLSR, na'urori kan riƙa musayar bayanai a kai a kai. Hanya a shirye take kullum, sai dai bayanan kan cinye wani ɓangare na layin.

A tsarin AODV kuwa, ba a neman hanya sai saƙo ya taso. Wannan na rage cunkoso, amma saƙon farko kan yi jinkiri.

A karkara irin ta Rimin Gado, gonaki ne ke raba ƙauyuka, alhali zangon Bluetooth mitoci kaɗan ne. Muddin babu wata waya a tsakani, saƙon ba zai ƙetara ba.